Mai son kiwon macijin boa ya fara da babbar da aka gaji da ita

Duk lokacin da aka sa hoton wani mutum da ƙaton macijin boa rataye a kafaɗarsa, masu sharhi kan rabu gida biyu: masu cewa wannan ai taɓin hankali ne, da masu tambayar inda ake sayar da ɗan ƙarami su ma su saya. Ni ra'ayina ya saɓa wa duka biyun. Kiwon boa, wato babban macijin nahiyar Amurka mai kama da mesa, abu ne mai yiwuwa ga mutumin da ya san nauyin da ya ɗauka, amma idan har mutum ya ƙudurta zai yi, to gara ya karɓi riƙon babbar macijiya wadda mai ita ya gaji ya sallama, da ya je ya sayi jinjiri. Dalilina shi ne babbar ba ta yaudarar kowa, domin tsawonta da nauyinta da cinta duk suna gaban idonka tun ranar farko.

Jinjirin boa shi ne mai yaudarar. Boa ba ta yin ƙwai kamar mesa, haihuwa take yi, kuma a ciki ɗaya takan haifi 'ya'ya 20 zuwa 30, wani lokaci fiye da haka, kowanne bai wuce rabin mita ba. Ɗan abin yana da kyau, yana nannaɗe yatsu a hankali, ƙaramin akwatin gilashi ya ishe shi, ɗan ɓera ɗaya a mako ya ƙosar da shi. Cikin shekara uku zuwa huɗu sai ya haura mita biyu. Matan sun fi mazan girma, babbar mace takan kai mita uku, nauyinta kilo 10 zuwa 15, wasu ma su zarce kilo 20. Abin da ya fi wannan duka nauyi shi ne tsawon rai: boa da ke samun kulawa takan yi shekara 20 zuwa 30. Matashin da ya saye ta yana ɗalibi zai yi aure, ya haihu, ya sauya gida da aiki, ita kuma tana nan tana jiran a ɗumama mata keji. Wannan ne ya sa wuraren ceton dabbobi masu jan ciki a Amurka da Ingila ba sa rabuwa da manyan boa waɗanda ba su yi laifin komai ba illa girman da aka san za su yi tun farko.

Sai dai macijiyar riƙo takan zo da tarihinta a jikinta, kuma ba kowane mai sallamawa ne yake faɗin gaskiya ba. Za ka ga tabon ƙuna a cikinta, alamar ta taɓa kwanciya a kan abin ɗumama da ba a daidaita zafinsa ba, domin maciji yakan ci gaba da kwanciya a kan abin da ke ƙona shi. Za ka ga tabon cizo a bayanta, alamar an taɓa jefa mata ɓera mai rai aka tafi aka bar su, ɓeran ya ci naman mai cinsa. Za ka ga hanci ya goge saboda ta daɗe tana tura murfin kejin da ya yi mata kaɗan. Waɗannan duk ana rayuwa da su. Abin tsoro shi ne wanda ba a gani da wuri: akwai wata cuta da likitocin dabbobi ke kira IBD, wadda ƙwayar arenabairos ke haddasawa, tana taɓa ƙwaƙwalwa har maciji ya riƙa ɗaga kai yana kallon sama ko ya kasa juyowa idan an kifar da shi, kuma ba ta da magani. Boa na iya ɗauke da ita tsawon lokaci ba tare da wata alama ba. Saboda haka sabuwar macijiya sai an killace ta a ɗaki daban na tsawon wata uku zuwa shida, da kayan aikinta daban, a duba kewayen idonta da ƙasan haɓarta ko akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙwari masu shan jini, a kuma kai ta wurin likitan da ya san dabbobi masu jan ciki. Wanda bai gano inda irin wannan likita yake ba kafin ya ɗauko macijiya, ya fara gini ne daga rufi.

A kan keji ne akasarin masu kiwo ke yi wa kansu rangwame, kuma a nan nake da tsauri. An daɗe ana cewa maciji ba ya buƙatar fili tunda kullum a nannaɗe yake. Wanda ya taɓa leƙa kejin boa da tsakar dare ya san ba haka ba ne. Asalinta dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, da dare take yawo, tana miƙewa, tana hawa reshe, tana bin kowane lungu da harshenta. A ganina mafi ƙarancin adalci shi ne ta iya miƙewa sambal a cikin kejin, wato macijiya mai mita uku tana buƙatar kusan bangon ɗaki guda. Sannan jikinta ba ya samar da zafin kansa, daga waje take ɗauka, don haka dole gefe ɗaya ya kasance da ɗumi kamar digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyos, ɗaya gefen kuma 24 zuwa 26, da maɓoya a kowane gefe, domin ta zaɓi inda take so ba tare da ta sadaukar da kwanciyar hankalinta ba. Kowane abin ɗumama sai an haɗa shi da na'urar daidaita zafi, a kuma kange shi da raga. Danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Idan ya yi ƙasa, za ka gani a lokacin saɓa: bayan alamun da aka saba gani a kowace saɓa, wato idanunta su yi hazo kamar an zuba madara, launinta ya dushe, ta ƙi abinci, maimakon saɓar ta fita gaba ɗaya daga baki har wutsiya, sai ta fita gutsure-gutsure, wata ta maƙale a kan ido. Idan kuma sanyi da jiƙa suka haɗu, sai ciwon huhu, ka ji tana numfashi da ƙara, majina na fita a baki. Duk wannan yana nufin wutar lantarki ba dare ba rana har shekara ashirin, da tanadin abin da za a yi ranar da ta ɗauke. Ƙofar kuma makulli ake sa mata, domin abin da aka danne da littafi ko dutse, boa za ta ɗaga shi.

Ciyarwa ita ce mafi sauƙi, kuma a cikinta aka fi yin ɓarna. Babbar boa tana cin manyan ɓeraye ko zomo sau ɗaya a mako uku ko huɗu, wanda aka kashe aka daskarar a firiza, a narkar da shi ya yi ɗumi, a miƙa mata da dogon matsefi. Masu son a ce macijinsu ya fi na kowa girma sukan ɗura mata abinci duk mako, kitse ya taru mata a hanta, ta mutu da sauran shekarunta. Bayan ta ci ba a taɓa ta har kwana biyu, in ba haka ba ta amayar. Wanda zuciyarsa ba za ta jure ajiye matattun ɓeraye a firiza ba, wannan kaɗai ya isa ya sanar da shi matsayinsa.

Batun haɗari kuwa, ina ganin masu tsoro suna zuzuta shi, masu kiwo kuma suna rage shi. Boa ba ta da dafi, kuma mutum ya fi ƙarfin abin da za ta haɗiye. Amma haƙoranta ƙanana ne masu kaifi, a lanƙwashe zuwa ciki, don haka wanda ta kama ya fizge hannu shi ya yage kansa. Yawancin cizo kuskuren abinci ne, hannu ya shiga keji yana warin ɓera. A kan matsewa kuma, binciken da Scott Boback da abokan aikinsa na kwalejin Dickinson a Amurka suka wallafa a 2015 ya nuna cewa boa tana kashe abin da ta kama ne ta hanyar tsayar da gudanar jini, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, kafin ma rashin numfashi ya yi aikinsa. Wanda ya fahimci wannan ba zai ƙara rataya ta a wuya don ɗaukar hoto ba, domin ko ba da nufin kisa ba, tsorata kawai za ta yi ta ƙanƙame abin da take kai don kada ta faɗi, jijiyoyin wuya kuma ba sa jure matsi. Ƙa'idar da masu kiwo na gaske ke bi ita ce macijin da ya haura mita biyu da rabi ba a fito da shi sai da mutum na biyu a ɗakin. Yara ƙanana da kyanwa ba a barin su da ita ko na minti ɗaya. Akwai kuma ƙwayar salmonela da dabbobi masu jan ciki ke ɗauke da ita a kashinsu, wadda ta fi kwantar da mutane fiye da cizon, maganinta kuwa wanke hannu da sabulu ne da raba kayanta da wurin girki.

Wani abin da ba na son ji shi ne “ai ta san ni, tana so na.” Abin da boa ke yi sabo ne. Idan aka ɗauko ta, takan zaro harshe ta ɗanɗani iskar da ke kewaye da hannunka, jikinta da ya ƙame ya saki sannu a hankali, ta zagaya wutsiya a damtsenka ta riƙe, nauyinta ya bi hannunka yana sauya wuri. Wannan sakin jikin shi ne iyakar abin da za ta ba ka, kuma ma'anarsa ta yarda ba za ka cutar da ita ba. Wanda yake neman dabbar da za ta tarye shi a ƙofa ya nemi wata.

Game da doka, cinikin boa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin dabbobi da tsirran daji don kada su ƙare, nau'in boa na Ajantina ma yana cikin rukunin da aka fi tsananta wa, sannan kowace ƙasa da kowane gari suna da nasu ƙa'idojin, har da yardar mai gidan haya. A 2015 hukumar kula da namun daji ta Amurka ta sa wasu manyan macizai cikin jerin masu cutar da muhalli, ta bar boa a waje, amma wannan bai wanke ta ba. A tsibirin Kozumel na Meziko da tsibirin Aruba, boa da aka shigo da su daga waje sun yaɗu suna cinye tsuntsaye da ƙananan dabbobin wurin. Sakin macijiya a daji don an gaji da ita zalunci ne kashi biyu: ko sanyi da yunwa su kashe ta, ko ita ta kashe abin da ta tarar.

Masu cewa tun asali bai dace a tsare irin wannan dabba a gida ba suna da hujja mai ƙarfi, kuma da a kan kamo ta daga daji ake magana, da ina tare da su ɗari bisa ɗari. Amma macijiyar da aka haifa a keji, ta shekara goma a keji, ba ta da dajin da za a mayar da ita. Sayen jinjiri yana ƙarfafa masu hayayyafa su ƙara haifar da wasu, karɓar babba kuma yana rage waɗanda ke jibge a wuraren ceto. Wuraren ceto masu tsari sukan nemi ganin hoton kejin da ka tanada kafin su miƙa maka ita, wasu kuma su sa ka sa hannu cewa idan ka kasa, su za ka mayar wa, ba wani baƙo a intanet ba. Ni da a ce ni ke bayarwa, da na ƙara sharaɗi ɗaya: ka rubuta sunan wanda zai karɓe ta idan ka yi doguwar jinya ko ka riga ta mutuwa, shi ma ya zo ya ɗaga ta da hannunsa kafin ya amsa.