Kara ɗaya a teburin bakin tasha

"Malam, ba ni kara ɗaya." Yaron da na ji ya faɗi haka a bakin tasha ko gemu bai fara ba. Mai tebur ya zaro masa daga kwali, ya nuna masa laita da ke ɗaure da igiya a ƙafar tebur, ya karɓi canjinsa. Ba wanda ya ɗaga kai. Alhali Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015 a Najeriya ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari ɗai-ɗai, sai dai kwali mai kara 20.

Abin da ya sa muke sakaci shi ne taba ba ta nuna mugun halinta da wuri. Wanda ya fara zuƙa yana ɗan sakandare, sai bayan shekara 20 ko 30 tari ya ƙi jin magani, murya ta dushe, ya yi ta ramewa. A lokacin kuwa sai a ce sammu ne ko iska, ba mai tuna wancan teburin.

Likitoci sun daɗe da gano bakin zaren. Tun 1950 wasu masu bincike biyu 'yan Birtaniya, Richard Doll da Bradford Hill, suka bi majinyata a asibitocin Landan, suka tarar kusan duk masu kansar huhu mashaya taba ne. Doll da kansa mashayi ne, ganin sakamakon ya sa ya daina. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo kansa. Suna lalata tsarin da ke cikin ƙwayoyin jiki, har ƙwaya ta riƙa hayayyafa ba birki, a lokaci guda hayaƙin na kassara 'yan gashin da ke share hanyar numfashi. Kuma ɓarnar ba ta tsaya a huhu ba: baki, maƙogwaro, mafitsara, ƙoda, har bakin mahaifa. Matar gida da yaran da ke shaƙar hayaƙin a ɗaki su ma suna ciki, ba su ji ba ba su gani ba.

Na san za a ce, "Ai kakana ya sha har ya tsufa." Allah Ya ji ƙansa. Amma haɗarin kansar huhu ga mashayi ya ninka na wanda ba ya sha sau 15 zuwa 30, kuma a ƙasar da na'urorin gashi na masu cutar kansa ba su taka kara sun karya ba, iyali kan sayar da gona kafin layi ya zo kansu.

Shi ya sa nake ganin daga tebur ya kamata a fara. Kwali guda ya fi ƙarfin aljihun ɗan makaranta, kara ɗaya kuwa kuɗin tara ya ishe shi. Jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da masu unguwanni sun san kowane mai tebur da sunansa, su same shi su gaya masa abin da doka ta ce. Wanda kuma ya riga ya saba, kada ya ce ya makara: bayan kimanin shekara 10 da dainawa, haɗarin kansar huhu kan ragu da kusan rabi.