Sharar da muka ƙona da safe tana nan a sama

'Yan uwana matasa masu fitowa ranar Asabar a share layi, Allah ya saka muku da alheri. Abin da muke yi a ƙarshen aikin ne yake damuna. Mu tara shara da leda da robobi wuri guda, wani ya gangaro da tsohuwar taya don wutar ta ci da kyau, a ƙyasta ashana. Kafin azahar hayaƙi ya baje, sai ka ji an ce "ai iska ta tafi da shi."

Wallahi bai tafi ba. Rana ce ta karɓe shi, ta ci gaba da dafa shi a saman kanmu.

A cikin hayaƙi akwai ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da sinadaran kabon, akwai kuma tiririn da ido ba ya gani. Hasken rana yana tsinka wasu daga cikin sinadaran nan, yana kuma samar da wani ɗan sinadari da masana ke kira OH, wanda ba ya cika daƙiƙa ɗaya bai afka wa wani abu ya sauya shi ba. Da haka tiririn yake haɗuwa da iskar oksijin, ya yi nauyi, ya daskare ya zama sababbin ƙwayoyi ko ya manne wa tsofaffi. Launin hayaƙin kuma yana koɗewa, kamar atamfar da aka manta a kan igiya. Koɗewar nan ce take yaudararmu.

An daɗe da gano wannan. A birnin Los Anjeles na Amurka, hazo ya riƙa sa idanun mutane yaji, amfanin gona na ƙonewa, tayoyin mota na tsattsagewa. Wani masani ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa rana ce ke haɗa tiririn fetur da hayaƙin salansa su haifi iskar ozon, wata iska mai cutarwa da ke tsaga roba. Yakan lanƙwasa 'yar roba ya ajiye ta a iska, ya duba tsawon lokacin da za ta ɗauka kafin ta tsage. Don Allah ku tsaya a nan ku yi tunani: abin da ke tsaga roba, yaya zai yi da huhun jaririn da ke goye a bayan uwarsa?

Ƙwayoyin da suka fi haɗari, silin gashi ya fi su kauri kusan sau 30, shi ya sa suke wucewa can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana danganta mutuwar mutum kusan miliyan 7 a shekara da gurɓatar iska. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a ƙasar Chadi ba mu da iko a kanta, amma tayar da muka cinna wa wuta aikin hannunmu ce, kuma a sanyin safiya hayaƙinta ƙasa-ƙasa yake kwanciya, daidai lokacin da yara ke tafiya makarantar allo.

Kai mai Keke Napep ko babur, in salansarka na tuƙa shuɗin hayaƙi, baƙin mai injinka yake ci, ka kai wa bakanike. Masu babbaka da taya, ku ji tsoron Allah. Mu kuma Asabar mai zuwa a ware robobi a ba 'yan jari-bola, ganye da ɓawo a haƙa musu rami su ruɓe su zama taki. Ni zan zo da shebur da buhuna.