Dusar ƙanƙara ta rufe fili, amma ba a ɗaga wasan ba

A watan Nuwamban 2022 dusar ƙanƙara ta sauka a yankin Buffalo da ke jihar New York, har tudunta ya haura ƙafa shida a Orchard Park, inda filin ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Bills yake. Motoci sun nutse a ƙofar gidaje, an hana zirga-zirga, kujerun filin duk sun binne. Ga shi ranar Lahadi 20 ga wata Bills za su karɓi baƙuncin Cleveland Browns. Tun ranar Alhamis hukumar NFL, mai shirya babbar gasar ƙwallon Amurka, ta sanar an mayar da wasan Detroit, filin da ke da rufi, tunda masu shi suna wasa a waje a makon. Aka buga a ranar da aka sa, ƙarfe ɗaya na rana kamar yadda aka rubuta tun watan Mayu. Abin ya tsaya mini a rai, don na san da a gida ne, sanarwar ɗage wasa za mu ji.

Wannan ƙwallon Amurka ce, ta masu hular kwano da sulke a kafaɗa, kuma saboda tsananin karo sau ɗaya ake bugawa a mako. Ƙungiyoyi 32 ne, an raba su ɓangare biyu, AFC da NFC, kowane ɓangare rukuni huɗu, kowane rukuni ƙungiya huɗu. Tun 2021 kowace ƙungiya wasa 17 take yi cikin mako 18, da hutun mako guda a tsakiya. Jimilla wasa 272.

Abin da ya fi burge ni, babu mai zama ya zaɓa wa kowa abokin karawa. Wasa shida da 'yan rukuninka, gida da waje. Huɗu da wani rukuni na ɓangarenku, huɗu da wani na ɗaya ɓangaren, ana juyawa shekara-shekara. Ragowar ukun da waɗanda suka ƙare a matsayi ɗaya da kai bara: na ɗaya ya gamu da na ɗaya, na ƙarshe da na ƙarshe. Shi ya sa ranar da aka kammala kaka a farkon Janairu, kowa ya riga ya san waɗanda zai kara da su baɗi. Ranaku kawai suka rage, su ma a tsakiyar Mayu ake fitar da su, mutane su kama ɗakin otal da tikitin jirgi na wasan Disamba tun lokacin.

Shekarar ma a tsare take. Maris cinikin 'yan wasa, ƙarshen Afrilu ɗibar sababbi daga jami'o'i, ƙarshen Yuli sansanin horo, Agusta wasannin gwaji, sannan a rage 'yan wasa su koma 53. Farkon Satumba a buɗe da daren Alhamis. A Janairu ƙungiyoyi 14 su shiga zagayen sili ɗaya ƙwale, wasan ƙarshe, wato Super Bowl, kuma Lahadi ta biyu a Fabrairu. Har Juma'a da Asabar an bar wa 'yan sakandare da jami'a a yawancin kakar, bisa wata doka ta 1961.

Ba wai ba shi da aibu ba. Wanda ya buga Lahadi aka kuma sa shi Alhamis, jikinsa bai gama warwarewa ba, 'yan wasa sun daɗe suna kuka da haka. Gidajen talabijin ma kan sa a matsar da wasan rana zuwa dare, wanda ya taso daga nesa da yara ya shiga uku. Amma ko wannan da ƙa'idarsa, sai an ba da sanarwar kwanaki.

Mu kuwa a gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, kun san halin da ake ciki. Ku tuna kakar 2023 da sai a Janairu aka fara, aka raba ƙungiyoyi ashirin gida biyu don a cimma lokaci. Za a ce ai su suna da kuɗi, kuma gaskiya ne: 'yan wasanmu a mota suke kwana daga Maiduguri zuwa Aba, ga matsalar tsaro a hanya. Sai dai fitar da rana a kuma tsaya a kanta ba ya cin miliyoyi.

Kuma ba 'yan kallo muka rasa ba. Duk kiɗa da wutar da ake kunnawa a filayen nan, ban ji amon da ya kai na filin Sani Abacha a Ƙofar Mata ranar da Sai Masu Gida ke wasa ba. Waɗannan mutanen da ke shan rana tun azahar a bakin ƙofa sun cancanci a gaya musu rana tun da wuri. Haka ɗan Kano da ke nan Amurka, wanda hutunsa mako biyu ne a shekara kuma sai ya nema watanni kafin lokaci. Yana so ya sayi tikiti a Mayu, ya sauka a filin jirgin Malam Aminu, ya gaida mahaifiya, Lahadi da la'asar ya ja ƙannensa su tafi kallon Pillars. Ranar ce kawai ba shi da ita.