Maƙwabcinmu ya rasu, ƙudaje ne suka yi sanarwa

Gidajen layinmu a nan arewacin Ingila irin na jan bulo ne da ake ginawa a jere, bango ɗaya ya raba ka da na kusa da kai, ƙofar kowa na kallon titi, babu soro babu dakali. Kowace ƙofa tana da wata 'yar kafa mai murfin ƙarfe a tsakiyarta, inda ma'aikacin gidan waya ke zura wasiƙa. Ta wannan kafar ce ƙudaje suka fara fitowa daga gidan da ke hannun damanmu, manyan nan masu koren baya. Matar da ke tsallaken titi ce ta kira 'yan sanda. Suka ƙwanƙwasa, suka leƙa ta taga, daga ƙarshe suka ɓalle ƙofa. Dattijon yana zaune a kujerarsa ta falo, na'urar ɗumama ɗaki na ta aiki, wasiƙu sun taru a bayan ƙofa har sai da aka sa ƙarfi kafin ta buɗe. Da tarin wasiƙun nan aka ƙiyasta cewa ya yi makonni da cikawa.

Bature ne, tsoho tukuf, mai tsafta, kullum da hular sanyi. Gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu ranar fitar da shara, sai ɗan ƙorafi kan ruwan sama.

Bayan 'yan kwanaki wata jami'ar ƙaramar hukuma ta zo da takardu a hannu tana bin ƙofa ƙofa, wai ko akwai wanda ya san danginsa. A bakinta na fara jin yadda abin yake. Akwai wata doka ta 1984 da ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin binne ko ƙona gawar duk wanda ya mutu ba a samu mai ɗaukar nauyin jana'izarsa ba. Su shiga gidan, su bincika aljihun tebur da tsofaffin wasiƙu ko za a ga wasiyya ko lambar wani. In an samu kuɗi a asusunsa su cire abin da suka kashe, in kuma an rasa magaji sam, ragowar ta koma hannun masarauta. Ta ce an samu wani ɗan ɗan'uwansa a kudu, an yi masa waya, ya gode ƙwarai, ya ce ba su saba ba, a ci gaba kawai. Tana faɗa tana murmushin nan nasu na ladabi, kamar mai karanta lissafin kuɗin wuta.

Na je wajen jana'izar, kuma na san akwai masu cewa me ya kai ni. Amsata ita ce Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka zo wucewa da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya ce ashe ba rai ba ne? Ban yi masa salla ba, ban yi abin da addinina ya hana ba, kujerar baya na samu na zauna. Wurin ƙona gawa ne, amma in ba a gaya maka ba sai ka ɗauka ɗakin taro ne na wani otal: kafet mai laushi, furanni, kujeru a jere da za su ɗauki mutum kusan ɗari. An ba mu sahun farko na safiya, lokacin da masu biyan kuɗinsu ba sa so. Mu huɗu ne: jami'ar nan, matar tsallaken titi, wani ma'aikacin kamfanin jana'iza da baƙar kwat, sai ni. Aka ɗora akwatin a kan wani dandamali, aka kunna kiɗa mai sanyi daga lasifika, mutumin ya karanta sunan mamacin da shekarar haihuwarsa daga takarda, ya danna maɓalli, labule ya ja kansa a hankali ya rufe akwatin. Ko minti 20 ba a yi ba. Muna fita ta ƙofar gefe, wasu masu makokin na shigowa ta gaba, don kowa da lokacinsa a allo.

Sati na zagayowa aka kawo wani ƙaton kwandon ƙarfe aka ajiye a bakin titi, samari biyu da safar hannu suka kwashe gidan kaf. Katifa, kofunan shayi, sandar dogarawa, da kundin hotuna da ya buɗe ruwan sama na dukansa, ga shi nan yana saurayi da wata mata a bakin teku. Kafin wata ya cika an yi fenti an kafa allon haya.

Da na ba Hajiya labari a waya, salati ta fara yi, sannan ta ce, "Shi wannan bawan Allah ba shi da maƙwabta ne?"

Na ce, "Hajiya, ai mu ne maƙwabtan."

Ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah ya kyauta." Duk wanda ya san iyayenmu ya san nauyin wannan kalma in ta fito a irin wannan murya.

Maganar ta tsaya mini a wuya, kuma ita ta sa nake wannan rubutu. Wanda bai zauna a ƙasar nan ba zai ga kamar sakaci ne. Ba haka ba ne. A nan ba ka ƙwanƙwasa ƙofar mutum haka kawai don ba ka gan shi ba kwana biyu. Sai ya leƙo ta bayan sarƙar ƙofa yana tambayarka ko akwai matsala, kai ne ma za ka koma abin zargi, balle kana baƙar fata da gemu. Wata Sallah uwargida ta aika masa da tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya karɓa a bakin ƙofa, washegari ya dawo da kwanon a wanke tas da katin godiya a ciki, shi ke nan, ƙofar ba ta ƙara buɗewa ko da taku ɗaya ba. Ga aikin dare, ga hunturun da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu, kowa labulensa a sauke. Mun san hadisin da Mala'ika Jibrilu ya yi ta wasiyya da maƙwabci har Annabi ya zaci za a ba shi gado. Amma yaya za ka yi da maƙwabcin da al'adarsa ta koya masa cewa mutunci shi ne kada ya buƙaci kowa?

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Sama da mutum miliyan 8 ne ke zaune su kaɗai a Birtaniya, kusan rabinsu tsofaffi. A 2006 an tsinci ƙasusuwan wata mata a ɗakinta a Landan, ta shekara biyu da mutuwa, talabijin ɗinta na kunne. Abin ya kai a watan Janairun 2018 Firaminista Theresa May ta naɗa Tracey Crouch a matsayin ministar da za ta kula da matsalar kaɗaici. Ku dubi wannan lamari don Allah. Ƙasar da ta zo ta mulke mu da sunan koya mana wayewa, yau sai da ofis da kasafin kuɗi kafin wani ya tambayi wani yaya ya kwana.

Zan yi musu adalci. Dattijon nan bai taɓa kwana da yunwa ba. Fanshonsa na shiga asusunsa ba tare da ya je layin tantancewa ya faɗi a rana ba. Tun 1948 asibiti kyauta ne a nan, da ya samu ikon danna 999 da motar asibiti ta zo, ba wanda zai ce a ajiye kuɗi kafin a taɓa shi. Mu kuwa mun san mutanen da aka rasa mai ba su kuɗin magani suna kwance, ranar da suka cika layi ya toshe da manyan motoci, aka yi ta sauke buhunan shinkafa. Mun san masu haƙar kabari da ke aikin shekara da shekaru sai ɗan abin da aka miƙa musu a bakin maƙabarta. Mun san zaman makokin da ya koma wurin hirar siyasa da cin ƙosai. Duk na yarda.

Amma ko an tara waɗannan duka an ɗora a sikeli, ni dai ban ga sun rinjayi abu ɗaya ba: a gida ba a rasa mutum a sahun Asuba sau biyu ba a aika yaro ya dubo shi ba. Mahaukacin bakin kasuwa in ya faɗi ya mutu, kafin Azahar an samu mai sayen likkafani, an samu masu wanka, an samu kafaɗun da za su yi rububin makara, mutanen da ba su san sunansa ba su bar rumfunansu a buɗe su bi shi har kushewa. Ba doka ce ta sa su ba, ba kuma wanda zai cire kuɗinsa daga gado. Nan kuwa komai an tanada, an rubuta, an sa hannu, mutum ne kawai babu. Jana'iza mai sauƙi ta kai fam 4,000, shi ya sa ake tallar biyan kuɗin jana'izarka tun kana da rai a talabijin da rana tsaka, tsakanin tallar sabulu da ta inshorar mota. Kusan kashi 80 cikin 100 ƙonawa ake yi. Gawa ta yi mako biyu ko uku a firji ana jiran ranar da ta dace da jadawalin kowa, ba abin mamaki ba ne.

Sai dai wannan gaggawar tamu da nake yabo, mu na waje ita ce ke yanka mu. Lokacin da Baba ya rasu, Yaya ya kira ni ina tsakiyar aiki, gari bai waye ba. Kafin in tashi in isa gida in buɗe kwamfuta neman tikiti, an turo mini hoton sahun salla a ƙofar gidanmu. Ban ce a jira ni ba, ba zan ma fara ba, sunna ce a gaggauta. Amma abokin aikina Bature da mahaifiyarsa ta rasu, 'yar'uwarsa ta taso tun daga Ostareliya ta iske ta, ta taɓa hannunta. Ni kuwa ta'aziyyata a WhatsApp na karɓe ta, saƙon murya bayan saƙon murya, ina saurara a cikin motar bas. Na isa gida bayan an share makoki, aka nuna mini tudun ƙasa. Har yau akwai masu yi mini kallon wanda ya zaɓi fam a kan ubansa, alhali fam ɗin ne ya biya kuɗin asibitin. Sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba su faɗi yadda za a yi da wanda gidan ne ya tura shi nema ba.

Yanzu abin da ke gabanmu mu 'yan ƙungiyar Hausawan garin nan shi ne asusun jana'iza. Alhamdu lillahi, 'yan'uwa 'yan Pakistan da Bangaladash sun riga mu zuwa sun share hanya: masallatansu na da ɗakin wanka da motar gawa, akwai ɓangaren Musulmi a maƙabartu, a gabashin Landan ma akwai maƙabartar Musulmi zalla a Hainault. Amma kabari a nan saye ake yi, na wasu shekaru ƙididdigaggu, kuma in mutuwar ta zo ba zato sai jami'in binciken musabbabin mutuwa ya saki gawa, wani lokaci bayan an yi mata aiki, kana ji kana gani. Shi ya sa aka kawo shawarar kowane gida ya riƙa zuba wani ɗan abu duk wata.

Nan fa rigima ta tashi. Wani ya ce wannan inshora ce da aka sa wa hula, a kawo fatawa tukuna. Wani ya ce kira wa kai mutuwa ne. Mafi yawa kuwa cewa suke su ba a nan za a binne su ba, gida za su koma, shekara biyu kawai suka rage. Wasunsu tun zuwana nake jin wannan shekara biyun, 'ya'yansu har sun shiga jami'a, Hausar ma sai a yi musu magana su mayar da Turanci. Wanda ya ce a kai gawarsa gida kuma bai san abin da yake faɗa ba: sai an nemi izinin fitar da ita daga ƙasa, a yi mata allurar hana ruɓewa, a rufe ta a akwati mai rufin ƙarfe, a auna ta a kilo a sa ta cikin kaya a ƙasan jirgi, a kashe dubban fam ɗin da marayu suka fi buƙata. Duk wannan don a same ka a maƙabartar Ɗandolo ko ta Tarauni a Kano kusa da naka. Na fahimci son, ni ma ina da shi, har yana hana ni barci wani lokaci. Amma ƙasar Allah ce ko'ina, kuma ni abin da ya fi damuna a samu sahu ko da biyu ne a bayana, da wanda ya iya ɗaura likkafani ba sai ya duba YouTube ba.

An ɗage taron zuwa bayan Sallah, karo na ban san nawa ba. Masu surutu a zauren WhatsApp sun ninka waɗanda suka rubuta sunansu a takarda sau da yawa. Ni dai na zuba nawa na wannan watan, da na uwargida da yara, kuma ban gaya wa Hajiya ba, don a lissafinta ina nan dawowa baɗi in ƙarasa ginin da na fara a bayan gidan Yaya.