Dawakin da Ke Turke da Sojojin da Suka Dawo

Duk wanda ya san ƙasar Zuru ya san irin 'ya'yan da ta ba rundunar sojan Najeriya, kuma ya ga yadda wasunsu ke dawowa daga Borno ko dazukan Zamfara: wani da ƙafar roba, wani kuwa jiki garau, amma buga ƙofa kaɗai kan sa ya zabura, barci kuma ya ƙaurace masa. A ganina akwai wani taimako a kusa da su wanda muka mayar kayan ado kawai, wato doki.

A shekarar 1952, wata 'yar ƙasar Denmak mai suna Lis Hartel, wadda shan-inna ya shanye mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, ta ci lambar azurfa a gasar dawaki ta Olamfik a Helsinki, abin da ya ja hankalin likitoci. A 1969 aka kafa ƙungiyoyin hawan doki domin masu buƙata ta musamman a Ingila da Amurka, kuma ta Amurkan, wadda yanzu ake kira PATH International, tana da shiri na musamman ga tsofaffin sojoji.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan doki yana tafiya sannu, yana kaɗa ƙugun mahayinsa kusan yadda tafiyar ƙafa ke kaɗa shi, sai jijiyoyin baya da na ciki su dinga aiki ba tare da an ɗora wa raunin nauyi ba. Mai fama da firgicin yaƙi kuwa ba lallai ne ya hau ba. Doki dabba ce mai saurin tsorata, ba ya natsuwa a hannun wanda bai natsu ba, don haka wanda ke goge masa jiki ko ya ja shi da ragama dole ya koyi sassauta numfashinsa.

Masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri suna da barga da barori masu sanin halin doki, dawakin kuma suna cin harawa da dusa shekara guda domin hawan 'yan kwanaki. Sai dai ingarman da aka horar da ƙaimi da linzami mai kaifi domin sukuwa da zamiya bai dace da wannan aiki ba. Tsohuwar goɗiya mai sanyin hali ake buƙata, da likitan gashin ƙashi a tsaye kusa, da mutum biyu a gefen sirdi, kuma kada a ce wa kowa ya bar maganin asibiti.