Alhaji Musa zai je karɓar gado a Mozambik

Teburin mai shayi bayan isha'i, Tisha Bazazzagi na latsa waya, Alhaji Musa Bakano na fama da indomi da ƙwai.

Tisha: Alhaji ka san ƙasar Mozambik sunan wani ɗan tsibiri ta ci? Shi kuma tsibirin ance sunan wani attajiri ne, Musa bin Bik, tun kafin Baturen Fotugal Vasco da Gama ya iso wajen da jiragensa a 1498.

Alhaji: Tsaya tsaya, Musa kace? Kuma attajiri? Wallahi jininmu ne, dama kakana ya sha faɗa min akwai ƙanin babansu da ya tafi fatauci shiru har yau. Filin ya kai nawa?

Tisha: Tsawonsa kilomita 3, faɗinsa kuwa ko inda ya fi faɗi bai wuce mita 500 ba.

Alhaji: Haba Tisha, ai wannan layi ne ba gari ba!

Tisha: To a layin nan Turawan Fotugal suka yi hedikwata shekara ɗaruruwa, sai a 1898 suka kwashe suka koma inda ake kira Maputo yanzu, suka bar wa mutanen tsibirin gidajen dutse a ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren kuma unguwar talakawa ce mai rufin ganyen kwakwa wadda take cikin kwari saboda nan aka haƙo duwatsun ginin.

Alhaji: Ba komai, kwari ai gidanmu ne, a Kantin Kwari na girma. Tirela biyu ta atamfa zan fara turawa.

Tisha: Gadar shiga sama da kilomita 3 ce kuma hannu ɗaya, in mota ta taho sai ka raɓe ka jira.

Alhaji: To a kwale-kwale. Akwai wani babban gini?

Tisha: Akwai ganuwar São Sebastião, ƴan Holan sun kawo mata hari a 1607 da 1608 duk suka koma hannu rabbana.

Alhaji: Madalla, ita zan rushe in zuba plaza, shago ɗari biyu ƙasa da sama.

Tisha: Ina! Tun 1991 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya, ko bulo ɗaya ba ka isa ka cire ba.

Alhaji ya ajiye cokali ya yi shiru.

Alhaji: Fili a bakin ruwa, ba plaza, ba shago ko ɗaya? Tisha je ka karɓi gadonka, wannan Musan Bazazzagi ne.