Kafin ka sayi sabon fikof, ɗauko sukudireba

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin masu kaɗa jitar lantarki: da sauti ya ƙi gamsar da su, sai hankali ya koma kan sayayya. A canja fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya), a canja amfilifaya. A ganina kuɗi da yawa a banza suke tafiya, domin sau tari maganin yana jikin sukurori biyun da ke gefe da gefen fikof ɗin.

Fikof dai maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla; na jitar Stratocaster naɗinsa yakan kai wajen zagaye 8,000. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai wayar ta haifar da ɗan lantarki, shi ne amfilifaya ke kumburawa. Ka matso da shi kusa da tsirkiya, ƙara ta ƙaru, sauti ya yi kauri da kaifi. Ka nisanta shi, ƙara ta ragu, amma muryar kowace tsirkiya ta fito sarai, kuma bambancin taɓawa a hankali da bugu da ƙarfi ya bayyana.

Inda mutane ke tafka kuskure shi ne ɗaukar ƙara a matsayin daɗi. Kunne yakan ruɗi mai shi: a ba shi sauti biyu, wanda ya fi ƙara zai zaɓa. Sai mutum ya yi ta ɗaga fikof, ya manta cewa maganaɗisu ba saurare kawai yake yi ba, ja ma yana yi. Idan ya matso da yawa, yakan riƙe tsirkiya ya hana ta rawa yadda take so. Amon ya mutu da wuri, manyan tsirkiyoyi su fara wata makyarkyata kamar murya biyu na gardama, musamman daga firet (layin ƙarfe da ke kan wuyan jita) na 12 zuwa sama, na'urar saita muryar tsirkiya kuma ta kasa tsayawa wuri guda. Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954, ta yi suna a wannan ciwo, saboda sandunan maganaɗisunta suna fuskantar tsirkiyoyin kai tsaye, kuma fikof uku ne ke ja lokaci guda. Hambaka, fikof mai naɗi biyu da injiniya Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson, wanda ya hau jitar Les Paul a 1957, maganaɗisunsa a ƙasa yake kwance, don haka ya fi jure kusanci. Na kamfanin EMG masu batir kuwa jansu ba shi da ƙarfi, ana kai su dab da tsirkiya.

Kamfanoni sun ba da ma'auni. A danne tsirkiya a firet na ƙarshe, a auna daga ƙasanta zuwa kan maganaɗisu. Ga fikof ɗinsa na yau da kullum mai naɗi ɗaya, Fender ya ba da milimita 2 a ɓangaren manyan tsirkiyoyi, 1.6 a ɓangaren sirara. Ga fikof ɗinsa samfurin Texas Special kuwa, fiye da milimita 3 a ɓangaren manya. Mafari ne kawai. Kamfani bai san kaurin tsirkiyarka ba, bai san nauyin hannunka ba. Abin riƙewa shi ne dalilin: babbar tsirkiya ta fi ba da lantarki, shi ya sa ɓangarenta ke ƙasa, a wajen wuya kuma tsirkiya ta fi lilo, don haka fikof na wuya yakan so ya fi na baya, wanda ke wajen gindin tsirkiya, sauka, in ba haka ba da ka juya makunnin zaɓar fikof sai ƙara ta yi tsalle.

Za a ce ai fikof maras kyau maras kyau ne. Gaskiya ne, sukudireba ba zai mayar da mai naɗi ɗaya hambaka ba, ba zai kashe gunjin lantarki ba. Amma wanda bai taɓa jin fikof ɗinsa a tsayi uku ko huɗu ba, ta yaya ya san ba shi da kyau? Ni dai nakan fara daga ƙasa, in ƙara murya a amfilifaya, sannan in riƙa ɗagawa rabin zagaye rabin zagaye, da sauti tsantsa ba gurnanin da ake ƙara wa jita.

A gama saita wuya da tsayin tsirkiya tukuna, tunda daga tsirkiyar ake awo. A rubuta yawan zagayen da aka juya don a iya komawa. Kuma a lura da sukurun: a Stratocaster juyawa dama ɗagawa take yi, amma a fikof da aka ɗaure kai tsaye a jikin katako, irin P-90, juyawa dama saukewa ce.